Ɗan Gidan Uban Waye?

"Mai tare baya muke nema, suka ɗauko mana wannan!" Na daki kujerar askin har Lamont mai aski ya ɗaga almakashinsa daga kaina.

Ranar Asabar ce da azahar, zagaye na biyar na zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyin ƙwallon Amurka ke yi daga jami'o'i. Shagon ya cika da 'yan unguwa, kowa da rigar ƙungiyarmu. Talabijin ya sake maimaita sunan: Desmond Pruitt, daga wata ƙaramar jami'a a kudancin ƙasar.

"Shekara talatin ina bin ƙwallon nan, babu yaron kirkin da ban san tarihinsa ba," na ce. "Wannan ɗan gidan uban waye?"

Aka kwashe da dariya. Na ƙara da ihun raini, suka taya ni.

Sai talabijin ya nuno falon gidan su Desmond. Yaron ya kife fuska yana kuka, wata mata ta ƙanƙame shi.

"Dewitt," in ji Lamont a hankali, "waccan ba Yolanda ba ce?"

Ita ce. Rabona da ita tun ranar da na fice da jakata, na bar ta da jaririnmu ɗan wata bakwai.

Yaron ya juya ya rungume wani mai furfura. "Baba, sunanka zan saka a bayan rigata!"

Lamont ya juyo da kujerata, ya fuskantar da ni madubi.

"Ka yi tambaya ɗazu," ya ce. "Ga shi nan."