Turaren Ruwan Fari

Duk Argungu an san Rauda mai haɗa humra da kaifin hanci, ba turaren da za ta shinshina ta kasa faɗin haɗinsa. Ranar Asabar za ta koma Sakkwato da zama wurin gwaggonta, don haka da aka ce Muhyiddeen na sallama a zaure, ta ɗauka bankwana ya zo yi. Shi ke sayo mata sandal in ya je fatauci Indiya, kuma shekara biyu ke nan bakinsa bai wuce gaisuwa ba.

Ya miƙo mata 'yar kwalba.

"Malama Rauda, gaya mani mi aka sa ciki."

Ta ɗiga a bayan hannunta, ta lumshe ido. "Akwai sandal. Sauran kuwa, kamar ruwan fari ya sauka bisa fadamar Gulma."

"Kin gane. A Indiya yumɓu suke gasawa su tatso ƙamshinsa," in ji shi. "Tun can na yi wa kaina alkawari, in kin gane, zan nemi aurenki."

Ta ɗago ta dube shi. "Da ban gane ba fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Da na koma na sayo mai sauƙin ganewa."

Dariya ta ƙwace mata har ta ja gyale ta rufe baki. Ta damƙe kwalbar, ta nufi cikin gida, sannan ta tsaya bakin ƙofa ba ta waiwayo ba.

"Baffa yana gida bayan la'asar. Ka turo kawunanka su faɗi magana a fili, shi ba ya son kacici-kacici."