Akurkin da na gina a gangare

Shekarar da aka ce mun zama Jigawa, Inna ta ba ni agwagwa, tawa ta kaina. Na kwaɓa laka na gina mata akurki a gangaren bayan gidanmu na Zandam, don na ga tana son ruwa.

Ranar da Inna ta leƙa, agwagwar har ta kwanta kan ƙwai tara. Inna ta ce, “Ke 'yar nan, wanka take yi a ruwa, ba kwana ba. Mayar da ita tudu.”

Na ce gobe.

Da la'asar ruwa ya sauko. Lakar ta jiƙe ta rufta mata, ba ta tashi daga ƙwan ba. Da hannuna na tono ta.

Yanzu in jikana ya ce mini gobe, miƙewa nake yi da kaina.