Jan Zaren Hajja

Ni na sace jan zaren nan, yau dai na faɗa. Ina ɗan shekara goma sha uku a unguwar Hindawiyya, can ƙasa mai tsarki, jirgin takardar da nake saki a saman soro ya rasa zare, ni kuwa a lokacin ko rawanin liman na samu sai na warware shi.

Zaren na Hajja ne, wata tsohuwa 'yar Filifin da ta zo aikin hajji a jirgin ruwa ba ta koma ba. Kullum da la'asar takan ɗaure masaƙarta a ƙugu, ɗaya bakin a jikin taga, ta yi ta saƙa ita kaɗai. Duk unguwar babu mai jin yarenta.

A matakala ta cafke ni. Na runtse ido ina jiran marin da za a ji har Makka, sai ta kai zaren hancina. Ƙanshin saiwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi.

"Uwata ce ta rina shi, ya waladi," ta ce da guntun Larabcinta, wato ɗana. "Adon saƙar nan ba a rubuce yake ba, a kaina kawai yake. Zauna in nuna maka."

Na zauna, ta ɗora hannuna kan saƙar. Sai abokaina suka ƙwala kira daga titi: "Yalla, iska ta taso!"

"Sai gobe, Hajja," na ce, na arce.

Har yau wannan goben tana ci mini rai. Ban koma ba. Kafin azumi ta rasu, Ummi, mahaifiyata, ta rufe rediyonmu da rabin saƙar da Hajja ta bari.