Katin da Bai Taɓa Musu Ba

Da yatsa ɗaya Na-Sani ya danna madannin, don ƙanin matarsa ya gani ya ƙaru. Allon ya cika da koren rubutu. Ko kuskure ɗaya babu.

'Yan ofis ne suka laƙaba masa sunan, kuma har yau bai ga abin dariya a ciki ba. Mutum ya sani, a ce ya yi shiru? A wannan sana'a gemunsa ya yi furfura, amma da shugaban sashe ya yi ritaya, sai Manaja ya haɗa shi takara da ƙanin matarsa, mutumin da shi ya koya wa riƙe sukundireba. Kamfani ya yi odar sabon katin ajiyar bayanai mai gudun tsiya. Wanda ya fara rubuta masa direba, wato manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, kujera tasa ce. Wanda ya faɗi, ya koma kula da firintoci.

Firintoci! Shi!

Aikin ba boyayye ba ne. Katin yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa, sai direba ya shimfiɗa hanya zuwa gare ta, yadda duk abin da aka rubuta a wani adireshi zai faɗa cikin katin kai tsaye, ba ɗan aike. Ƙa'ida ita ce a tambayi kernel, uwar manhajar da ke riƙe da kwamfutar, inda ta ajiye katin. To, tambaya ta baƙo ce. Na-Sani ya haddace adireshin tsohon samfurin tun ƙanin matar nan yana kashin wando.

"Yaya, kai da kernel wa ya girmi wani?" in ji ƙanin, yana juya shayi.

"Yau ka yi magana."

Ya rubuta adireshin da ka. Kwamfutar ta sume. Ya tashe ta, ya matsar da adireshin gaba kaɗan, ta sake sumewa. Ya ƙara matsawa, sai ga amsa. Abin da ya aika, shi ya dawo, harafi da harafi, da saurin da ya zarce wanda masu katin suka yi alkawari.

Ita kwamfutar tana can ɗakin injuna, ƙarshen baranda, inda sanyi ke tayar masa da ciwon gwiwa. Daga teburinsa yake juya ta. Gwani ba ya rarrafe a ƙarƙashin wayoyi.

Ya shaƙu da katin nan. A gida ya ce fari, matarsa ta ce baƙi. 'Ya'yansa kuwa sai sun duba waya kafin su yarda da shi. Amma katin? Bai taɓa musu ba, bai taɓa cewa a jira shi ba. Ƙanin matar ko layi bai rubuta ba.

"Me kake jira ne?" in ji Na-Sani.

"Ai ban isa in sha gabanka ba, Yaya."

Ladabi ya zo a makare, amma Na-Sani ya karɓa. Har ya yi niyyar, in ya hau kujera, zai sa a saya masa firinta mai kala.

Ranar gwaji ya sa babbar riga, ya fesa turare. Manaja ya zo da mai kamfani. Yatsa ɗaya, koren rubutu, tafi raf-raf. Ya yi ɗan jawabi kan bambancin ilimi da karambani, idonsa a kan wanda ya dace. Mai kamfani ya ce yana so ya ga wannan abin al'ajabi da idonsa, aka ɗunguma baranda, Na-Sani a gaba, gwiwa ta warke.

A ɗakin injuna suka tarar da mai gyara a durƙushe, ya buɗe cikin kwamfutar, yana yanka salatif ɗin wani kwali.

"Sannunku, Oga. Katin nan ne ya iso yanzun nan. A wane rami zan sa shi?"

Duk kwanakin nan, a wani kangon ƙwaƙwalwar kwamfutar Na-Sani yake zuba maganarsa, ya kwashe abarsa, yana jinjina wa hikimar mai ba shi amsa.