Direban da Ya Tuƙa Jirgi Daga Kan Gado

Ka ce tun da ciwo ya kwantar da mahaifinka ya juya fuska bango, wai shi ya gama amfani. To gyara zama ka ji wani misali.

An yi wasu tsofaffin direbobin jirgin ƙasa su biyu, aminan juna tun suna samari masu zuba gawayi a injin. Da suka yi ritaya, jiki bai saba da zaman banza ba, sai ɗaya ya shimfiɗa ɗan layin dogo a kan tebur a zaurensa, ya ɗora kawunan jirgi biyu na wasa, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Makunni ɗaya ne ke ba layin wuta, ka murɗa su tashi tare, ka sassauta su tsaya tare. Don haka suke tuƙi bi da bi, suna miƙa wa juna wata ƙaramar sanda, yadda ake ba direba sandar izini kafin ya shiga layi. Ana nan sai ɓarin jikin abokin ya shanye. Sau ɗaya aka kawo shi zauren, sandar ta suɓuce masa, makunnin ma ya gagare shi murɗawa. Ya ce a mayar da shi gida, shi da jirgi sai a lahira. Daga ranar ko abincin kirki ya daina ci, kullum sai rama.

Abin ya tsaya wa mai zauren a rai. Ya ji labarin wata 'yar ƙwaƙwalwa ta dijital da ba ta kai farce ba, wadda in an dasa wa kan jirgi zai san lambarsa, ya amsa wa direbansa kaɗai, daga wayar hannu. Ya sa aka kawo masa guda biyu. An gargaɗe shi cewa a tsohon kan jirgi wuta takan bi gangar jikin ƙarfen ta shiga injin kai tsaye, sai an raba su tukuna. Amma gogan naka, mutumin manyan ƙarafa, ya ce ai ƙarfe ƙarfe ne. Ya dasa ɗaya a nasa jirgin, yana ɗorawa a layi sai hayaƙi da ƙauri, ta farko ta ƙone ƙurmus. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, wai wanda ya kai jirgi Nguru ya dawo lafiya, yau abin wasa ya kayar da shi. Bai yi fushi ba, don gaskiyarta ce. Saura ɗaya, sai ya ture nasa gefe ya buɗe cikin jirgin abokinsa. Ya ɗora tabarau kan tabarau, ya naɗe injin da salatif har ya tabbata ba inda ya taɓa ƙarfe, sannan ya liƙe wayoyin ƙwaƙwalwar masu sirantar gashi da dalma, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa aka ɗauki teburin ɗungurungum zuwa ɗakin majinyacin, ya ajiye masa wayar hannu a cinya. Mutumin ya daɗe yana harararta, can ya kai yatsan hagu ya taɓa. Fitila ta kama, jirgi ya yi usur, ya fara rarrafe. Sai ga wanda aka fid da rai da shi ya ɗago daga matashi yana ihu da karkataccen baki, "A ba da hanya!" A ranar ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari. Da aka samo wata ƙwaƙwalwar, tsofaffin nan suka saki jirage biyu a layi ɗaya, laifin da a zamanin aikinsu kora ce hukuncinsa, suna ta ƙyaƙyata dariya kamar yara.

Saboda haka tashi ka je ka nemo abin da yatsan mahaifinka ɗaya zai iya, ka kai masa har gado. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, in da rai da rabo.