Ƙaurin Gyaɗa a Hanyar Mamudo

Da aka buɗe siton asibiti aka ce 'yan dako su loda kwalayen gyaɗar tamowa, maganin yara masu rama, a mota, sai da ɗaya daga cikinsu ya yi hamdala a fili. Wata da watanni yana kawo 'yarsa asibitin nan, hannunta kamar sillen kara, ana ce masa maganin yana cikin sito amma an hana rabawa.

"Ƙasar da ta ba mu ce ta yi zaɓe," in ji mai sito. "Sabon shugabansu ya ce a dakata."

"To su da zaɓensu, ina ruwan cikin 'yata?"

"Kai dai loda, malam."

Ya loda har bayansa ya amsa, ya haye saman kayan, a zatonsa rabo za a fara. Motar ta wuce unguwar Bolewa, ta miƙe hanyar Mamudo, ta tsaya bakin wani rami.

"Ku zube a nan," in ji mai sito. "Wa'adin maganin ya ƙare a ajiye."

"Ranka ya daɗe, ko leda ɗaya."

"Hoto ake ɗauka a tura musu. Ɗaya ta ɓace, aikina ya tafi."

Shi aka miƙa wa ashana. Ya ƙyasta, ya tofar da yawu, ya juya baya.

Da yamma ya shiga gida ya ɗauki yarinyar. Ta shinshina kafaɗarsa, ta ji ƙaurin gyaɗa, sai ta kama wuyan rigar ta fara tsotsa.