Shafin da Ta Ƙi Karantawa

A shafin ƙarshe marubucin ya kashe jaruminsa, ɗan sandan ciki. Matar ta ɗaga kai ta dubi mijinta da take karanta wa littafin. Tun da motarsa ta kife a hanyar Gwaram, shekarar da aka koma tuƙin hannun dama, gilashi ya cinye masa idanu, ko fura sai an roƙe shi yake sha. Wannan littafin kaɗai ke sa shi tashi zaune.

"Ci gaba mana," ya ce.

Sai ta ce harsashin ya kuskure.

Kullum bayan la'asar takan buɗe littafin a cinyarta, tana ƙirƙira tana juya takarda. Ta kawo jarumin kasuwar Birnin Kudu, ta sa ya bi ɓarayin shanu har Dingaya. Mijin ya koma cin tuwo, har yana gardama kan wanda ya yi kisan.

Daga baya ta saki jarumin aro ta gina nata: makahon direba mai gane mai laifi daga takunsa. Ta rubuta labarin aka buga, direbobi suka riƙa karɓa-karɓa a tasha.

Ranar da littafinta na bakwai ya iso, ta ɗora masa a hannu ta ce, "Malam, shekara goma ke nan ina ɓoye maka wata ƙarya."

Ya shafa bangon, ya yi murmushi.

"Sau uku na karanta wancan littafin da idona, na san ya mutu. Da na ji kin hana shi mutuwa, sai ni ma na ji kunyar in mutu."